Zin'naariya: jiki a Damagaram, zuciya a Faransa

A nan Kolokonde, fim ɗin soyayya in ba na Kano ba, to na Indiya ne. Ga wani daga maƙwabciyarmu Nijar: Zin'naariya, wanda Rahmatou Keïta ta shirya a 2016.

Tiyaa, 'yar gidan sarautar Damagaram, ta dawo daga karatu a Faransa, tana dakon saurayin da suka haɗu can. Zai turo magabatansa kuwa? Shiru kake ji. Magaajyia Silberfeld, 'yar Rahmatou ta cikinta, ita ta fito a Tiyaa.

An nuna shi a bikin finafinai na Toronto, kuma shi Nijar ta fara turawa gasar Oscar. Ni dai kunyar Tiyaa ce ta kama ni: 'yan matanmu masu dawowa hutu daga jami'ar Parakou ma haka suke ɓoye wa iyaye zancen zuci.