Kyanwa Tana Kuka a Bakin Ƙofa: Me Take So, Yaya Za a Yi da Ita?

Duk gidan da ake kiwon kyanwa an san wannan matsala. An rufe ɗaki, an kashe fitila, barci ya fara daɗi, sai ga kuka a bakin ƙofa, har da kartar katako da farata. Wani ya tashi ya buɗe mata don ya samu lafiya. Wani ya jefe ta da takalmi. Wani kuma gabansa ya faɗi, don ya taso yana jin ana cewa kukan kyanwa cikin dare ba alheri ba ne. Washegari ɗalibi ya zo aji yana gyangyaɗi, ita kuwa kyanwar, in ba ta yi sa'a ba, a cusa ta a buhu a kai ta bayan gari a yar.

Abin bai kai ga haka ba. Kukan nan yana da dalili, kuma sau da yawa mu ne muka koya mata shi da hannunmu. Duk wanda ya gane wannan zai iya magance matsalar ba tare da ɗaukar sanda ba.

Da mu take magana

Manyan kyanwoyi ba su cika yi wa junansu irin wannan kuka ba. A tsakaninsu suna fahimtar juna ta hanyar warin jiki, da motsin jela da kunne, da gurnani idan faɗa ya taso. 'Ya'yan kyanwa ne ke yi wa uwarsu wannan kuka idan suna jin yunwa ko sanyi. Kyanwar gida ta riƙe shi har girmanta saboda ta ga yana aiki a kan mutane. Don haka idan ta tsaya a ƙofarku tana yi, da ku take, kuma akwai abin da take roƙo.

Me ke kawo ta?

Na farko, lokaci. Kyanwa tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma ta fi kuzari da almuru da kuma asuba, lokutan da ɓeraye da tsuntsaye suka fi yawo. Sa'ad da kuke tsakiyar barci, ita ta gama nata tun da rana, kuna makaranta.

Na biyu, iyaka. Kun lura tana goga kumatunta a ƙafarku, ko a gefen kujera, ko a dokin ƙofa? Wani wari take bari wanda hancinmu ba ya ji, alamar cewa wurin nata ne. Kullum tana zagaya waɗannan wurare tana dubawa. Ɗakin da take shiga da rana yana cikin lissafinta, to in ta tarar da shi a rufe da dare, an datse mata hanya ke nan.

Na uku, kunne. Malaman fiziks sun koya mana cewa sauti girgiza ce. Kunnen mutum yana tsayawa ne wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa ɗaya, na kyanwa kuwa yana wuce 60,000. Tana jin siririn kukan ɓera da mu ba ma ji. Idan akwai buhun hatsi ko ragowar abinci a ɗakin, wataƙila aikinta take son shiga ta yi.

Na huɗu, sanyi da yunwa da kaɗaici. Zafin jikin kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗara namu da ke wajen 37, kuma dabba ce mai son ɗumi. Shi ya sa da hunturu take neman inda mutane da barguna suke.

Yadda muke koya mata da kanmu

A shekarar 1898 wani masanin halayya a Amurka, Edward Thorndike, ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya yi da kyanwoyi. Yakan saka kyanwa mai jin yunwa a cikin akwati, ya ajiye abinci a waje inda take gani. Ƙofar akwatin ba ta buɗewa sai an ja wani zare ko an taka wani katako. Karon farko kyanwar takan yi ta kokawa, tana yakushi ko'ina, har ta dace da zaren. Da aka yi ta maimaitawa sai lokacin ya riƙa raguwa, har ta kai ana saka ta take nufar zaren kai tsaye. Abin da ya fahimta shi ne, duk aikin da ya jawo wa dabba biyan buƙata, za ta ƙara yin sa.

Yanzu ku kwatanta da gida. Ƙofar ɗaki ita ce ƙofar akwatin, kuka shi ne zaren. Ranar da ta yi kuka aka buɗe, ta gano abin ja.

Bayan Thorndike, wani masanin, B. F. Skinner, ya yi nasa gwaje-gwajen da ɓeraye da tantabaru. Ya nuna cewa ɗabi'ar da ake saka wa dabba a kanta jefi-jefi ta fi wuyar bari a kan wadda ake saka mata kullum. Kun san yaron da ke kuka a gaban mai tebur don a saya masa alewa. In yau an hana, gobe an hana, jibi an gaji an saya, ya koyi cewa naci yana biya. Haka kyanwa. Wanda ya daure minti ashirin sannan ya buɗe, ya koya mata yin kukan minti ashirin. Ko tsawar da kuke daka mata daga kan gado, a wurinta amsa ce: ta kira, an ji.

A fara duba lafiyarta

Kafin a ce naci ne, a tabbatar ba ciwo ba ne. Kyanwar da ba ta saba kuka ba ta fara kwatsam, ko ta daina cin abinci, ko tana ramewa, ko tana yawan shan ruwa, a kai ta wurin likitan dabbobi. Tsohuwar kyanwa takan yi kukan dare saboda kurumta, ko hawan jini, ko ruɗewar tsufa. Muzurun da ke yunƙurin fitsari yana kuka ba ya fita, kada a kwana da shi a gida, don toshewar mafitsara tana kisa cikin 'yan kwanaki. Kada kuma a ba ta maganin mutane. Farasitamol guba ce ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Akwai kuma dogon kukan nan mai kama da na jariri, wanda ya fi tsorata mutane. Yawanci ta mace ce ke neman muzuru. Tana iya farawa tun tana wata 4 zuwa 6, ta yi kamar mako guda, ya lafa, ya dawo bayan mako biyu ko uku in ba ta ɗauki ciki ba. Wannan ba ya jin horo. Likitan dabbobi yana yin aikin da ke hana haihuwa, shi ne ke kawar da shi.

Matakan da za a bi

1. Gida ya tsai da magana ɗaya. Ko dai tana kwana a ɗakin, ko ba ta kwana. In akwai jariri ko mai ciwon asma a ciki, ƙofa a rufe ta fi. In mutum ɗaya yana buɗe mata a ɓoye, wahalar sauran ta tashi a banza.

2. A gajiyar da ita kafin barci. A ɗaura gashin kaza ko tsumma a bakin igiya, a ja mata ta yi ta bi tana cafka na minti 10 zuwa 15. A ɗauke igiyar bayan wasa, kada ta haɗiye ta.

3. A ba ta abinci bayan wasan. Tsarin kyanwa ke nan: farauta, ci, lasar jiki, barci. A bar mata ruwa mai tsabta.

4. A yi mata makwanci. Kwali da tsohuwar riga a ciki ya isa, a lungun da iska ba ta bugawa, nesa da ƙofar ɗakin. Rigar da wani ya sa ta fi, don warin da ta sani yana kwantar mata da hankali. In ba ta da hanyar fita tsakar gida, a ajiye mata tsohuwar roba da yashi don bayan gida.

5. A fitar da abinci daga ɗakin kwana, a toshe ramukan ɓera.

6. Idan ta fara kuka, shiru. Ba buɗewa, ba tsawa, ba buga ƙofa. Da safe ma kada a buɗe tana tsakiyar kuka, a jira ta ɗan yi shiru. Kada kuma abincin safe ya zama abu na farko da ake yi da an tashi, in ba haka ba za ta riƙa tashin gida tun kafin asuba.

Ku shirya wa abu ɗaya: a kwanakin farko kukan zai ƙaru. Kamar mutumin da ya taɓa makunnin fitila ba ta kama ba, sai ya ƙara dannawa da ƙarfi kafin ya haƙura. A nan yawancin mutane ke karaya su buɗe, alhali ƙaruwar alama ce cewa ta fara lura zaren ya daina aiki. Wata kyanwar kwanaki kaɗan sun ishe ta, wadda ta daɗe da sabo takan ɗauki makonni. In 'yar ƙarama ce kuka samu, ku fara tun daren farko, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya sa duka ba ya magani?

Kyanwa ba ta haɗa dukan da kukan da ta yi, da mai dukan take haɗa shi. Sai ta koma gudunku, yunwar ko sanyin da suka kawo ta kuma suna nan. Wadda aka ritsa a lungu takan rama, ba kowace ba ce kyanwar Lami. Wanda ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti, domin kyanwa ma tana iya ɗaukar ciwon haukan kare.

Ga aikin gida ga mai sha'awa. Ku samu takarda, ku riƙa rubuta yawan mintunan da kyanwarku ta yi tana kuka kowane dare har mako biyu, kuna bin matakan nan. Ku zana jadawalin, ku kai wa malamin kimiyya ku duba tare inda layin ya hau da inda ya fara sauka.