3.2 Ayyana Mazubi a Harshen JavaScript

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda ake ayyana mazubi a harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a shekarar 1995. Abin da ake nufi da mazubi shi ne wani gurbi da kwamfuta kan keɓe, a laƙaba masa suna, a riƙa ajiye bayani a ciki. Ayyanawa kuwa ita ce sanar da kwamfuta wannan suna kafin a soma aiki da shi.

Kalmomi uku ne ake ayyanawa da su, wato var da let da const. Ta farkon ce ta asali, sauran biyun kuwa sun shigo ne a shekarar 2015. Domin a ga bambancinsu, a ƙaddara wata masana'antar jima ce a Challawa ta tanadi shafin lissafin fatun da dillalai ke kawo mata. Mai tsara shafin zai rubuta:

let adadinFatu = 400;
const farashinFata = 1500;

An zaɓi let ga adadin fatu saboda yana sauyawa duk lokacin da mota ta sauke kaya. Farashi kuwa an riga an yi ciniki, don haka const ta dace da shi, domin duk wanda ya nemi zuba wani adadi a ciki, kwamfuta za ta ƙi, ta nuna kuskure. Aibin var shi ne takan bari a sake ayyana suna ɗaya sau biyu ba tare da gargaɗi ba, sabon adadi ya shafe tsohon.

Wani abin lura shi ne, duk abin da akawu ya buga a akwatin shafi, a matsayin rubutu yake shigowa. Idan aka tara "400" da 50, sakamakon zai zama "40050" maimakon 450, sai an fara juya rubutun da Number(). Kuskure irin wannan na iya sa a biya dillali kuɗin fatun da bai kawo ba.

Haka abin yake ga masana'antun Sharaɗa da Bompai wajen lissafin kaya ko albashin ma'aikata. A sashe na gaba za a duba ire-iren bayanan da mazubi ke ɗauka.