Kafin ka ɗaga motarka ka sa mata manyan tayoyi: abin da ya kamata ka sani

Duk wanda ya taɓa ɗauko masara daga ƙauyukan Doguwa ko Tudun Wada a ƙarshen damina ya san dalilin da ke sa mai Hilux sha'awar ɗaga motarsa. Da ka sauka daga kwaltar Kano zuwa Jos, sai laka da kwazazzabai da duwatsu masu dukan cikin mota. A gonakin rani na kewayen madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ma haka abin yake in ruwa ya kwanta a hanya. Sai mutum ya je wurin bakanike a ƙara masa sifirin, a sa manyan tayoyi. Bayan mako biyu kuma ya dawo yana cewa: "Oga, motar nan ta mutu, ba ta ja."

Injin lafiyarsa ƙalau, tayar ce ta canza lissafi. Dubi mai faci in noti ya ƙi kwancewa: bututu yake zurawa a sifana, domin tsawon hannu yana ƙara ƙarfi. Babbar taya irin wannan dogon hannun take ba wa hanya a kan aksul, don haka inji sai ya ƙara wahala kafin ya juya ta. Tayar da aka rubuta wa 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, mai lamba 285/70R17 kuwa kusan 831. Bambancin ya kai kashi 7 cikin 100, kuma gwargwadon haka ƙarfin jan motar ke raguwa a kowace giya. A hawa da lodi, inda kake wucewa da giya uku, yanzu sai ka dawo biyu. Kuloci yana ƙonewa, mai yana tafiya. Maleji ma ya daina faɗin gaskiya: in ya nuna 100, kana gudun kusan 107.

Abin da kuɗin nan ya saya maka kuwa bai kai yadda ake zato ba. Tulun aksul na baya, wanda shi ne ke fara dukan dutse, rabin ƙarin tsayin tayar kawai yake tashi, wato kimanin milimita 27, faɗin yatsu biyu ma bai cika ba. Ƙarin sifirin bodi yake ɗagawa, aksul yana nan inda yake.

Mutane da yawa a nan sukan ruga wurin inji, a murɗa famfon gas domin ya ƙara zuba mai. A ganina wannan ɓarna ce: baƙin hayaƙi da zafin inji za ka samu. Maganin gaskiya yana cikin aksul. A ciki akwai haƙoran giya biyu da ke ƙayyade sau nawa dogon shaf zai juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In naka 3.9 ne, ka ninka shi da ƙarin tayar, sai ka ga kana bukatar abin da ya kusanci 4.1 ko 4.3. Da an sa shi, jan motar zai dawo. Mai mota mai jan ƙafa huɗu dole ya canza na gaba da na baya su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da ya sa giyar laka ƙafafun za su yi ta faɗa da juna har wani abu ya karye. Kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa neman kayan, a ƙirga haƙoran naka a rubuta, kuma aikin ɗaurawa na ƙwararre ne, don in saitin ya kuskure aksul zai riƙa kuka har ya cinye kansa.

Birki ne ya fi damuna. Taya mai nauyi da tsayi ta fi wuyar tsayarwa, ga buhuna an jera sun wuce kan direba, ga yaran mota zaune a bisa, ga motar an ƙara mata tsayi. Nauyin da ya hau sama shi ke kifar da mota a kwana, musamman in saniya ta faɗo titi a dajin Falgore ka karkata sitiyari da sauri. Saboda haka a sa fatar birki mai kyau, a sabunta man birki, a duba tiyon birki kada ɗagawar ta sa ya ɗame. Shokazoba ma sai an sa mai tsawon da ya dace. Ga motar lodi, ɗagawar inci biyu ta wadatar. Abin da ya wuce haka yana karkatar da shaf na gaba, robarsa ta yage, boris da bol-join su riƙa mutuwa da wuri. Bayan aikin a yi saitin ƙafa, a kuma sunkuyar da fitilu don kada su kashe idon mai tahowa.

Sai tayar kanta. Manya sababbi suna da tsada, shi ya sa ake komawa 'yan Beljiyam. Ka duba gefenta, akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu. Ka nemi mai alamar LT, wadda aka yi don ɗaukar kaya, kuma ka sayi biyar, domin ƙaramar safaya ba za ta yi tafiya da manyan ba in ka yi faci tsakanin Riruwai da bakin titi.