Mace A Kujerar Shugabancin Coci: Ina Littafi Mai Tsarki Ya Ja Layi?

A ranar 3 ga Oktoban 2025 aka bayyana sunan Sarah Mullally, bishop ɗin Landan, a matsayin sabuwar Akbishop ta Kantabari, mace ta farko da za ta hau wannan kujera mai tarihin sama da shekara 1,400. Ba a daɗe da sanarwar ba sai shugaban Cocin Angilika ta Nijeriya, Akbishop Henry Ndukuba, ya fito ya nuna rashin amincewarsa. Dalilai biyu ya kafa: ra'ayinta game da sa wa masu auren jinsi albarka, da kuma kasancewar Angilikawa da yawa ba su yarda mace ta zama bishop ba. Batu na farko zancen wata rana ne. Na biyun shi ne ya taso da tsohuwar muhawarar da ta daɗe tana ci a ƙarƙashin ƙasa a majami'unmu na Arewa: shin Littafi Mai Tsarki ya yarda mace ta riƙe muƙami a coci?

Duk wanda ya taɓa leƙa majami'a a Jos, ko Kafancan, ko Numan ranar Lahadi ya san wannan tambaya ba ta malaman tauhidi kaɗai ba ce. Mata ne ke cika kujeru. 'Yan Zumuntar Mata, da anko da kiɗan tulu, su ne ke zuwa gaisuwar mutuwa, su duba marasa lafiya, su tara gudummawar gini, su riƙe makarantar Lahadi. Amma idan an zo zaman majalisar dattawa, inda ake yanke shawarar kuɗi da horo da ɗaukar fasto, a ikilisiyoyi da dama sai a rufe ƙofa su tsaya a waje. ECWA da COCIN da EYN ba sa naɗa mata fastoci. Cocin Lutheran ta LCCN mai hedikwata a Numan tana naɗawa. Littafi ɗaya duka suke karantawa, da harshe ɗaya, kuma kowa na cewa nassi yake bi.

Adalci shi ne a fara da hujjar masu hanawa, domin hujja ce mai nauyi. Ginshiƙinta yana cikin wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, aya 11 zuwa 14, inda ya ce bai ba mace izinin koyarwa ko yin iko da namiji ba. Da ya zo ba da dalili, ya koma can farkon halitta: Adamu aka fara yi kafin Hawwa'u. Masu wannan fahimta suna cewa hukuncin da aka jingina da tsarin halitta ba ya tsufa da sauyin zamani. Suna ƙarawa da 1 Korantiyawa 14:34-35, inda aka umarci mata su yi shiru a taron ikilisiya, da kuma sharuɗɗan shugaba a 1 Timoti 3 da Titus 1, waɗanda suka siffanta shi da mijin mace ɗaya. Suna tunatar da mu cewa firistocin zuriyar Haruna maza ne, kuma Yesu Almasihu, wanda bai taɓa jin tsoron saɓa wa al'adar mutanensa ba, maza goma sha biyu ya zaɓa manzanni. A kan wannan hujja ta ƙarshe Fafaroma John Paul na Biyu ya dogara a 1994, lokacin da ya ce Cocin Katolika ba ta da ikon naɗa mace firist. A 2023 kuwa babban taron 'yan Baftis na kudancin Amurka ya tabbatar da korar cocin Saddleback, ɗaya daga cikin mafiya girma a cikinsu, saboda ta ba mata muƙamin fasto.

Sai dai Bulus ɗin da ya rubuta waɗannan ayoyi shi ne ya rubuta sura ta 16 ta Romawa, surar gaisuwa wadda mutane da yawa ke tsallakewa. A farkonta ya gabatar da wata mace, Fibi, daga ikilisiyar Kankiriya, ya kira ta da kalmar Helenanci "diyakonos". Kalmar ce kuma ya yi amfani da ita ga dikinonin ikilisiyar Filibi, har ma ga kansa. Masana da dama na ganin ita ce ta kai wasiƙar birnin Rum. A aya ta 7 ya gai da Andaranikas da Yuniya, ya ce sanannu ne a cikin manzanni. Har yau ana jayayya kan ko nufinsa su ma manzanni ne, ko kuwa manzanni ne suka san su da kyau. Amma Yohanna Kirisostom, bishop na ƙarni na 4 wanda Helenanci ne harshensa na haihuwa, ya ɗauki Yuniya a matsayin mace, ya kuma yaba mata da ta cancanci sunan manzo. Ayyukan Manzanni 18 ta nuna Bilkisu, wadda wasu fassarori ke kira Biriskila, tare da mijinta Akila suna gyara wa mashahurin mai wa'azi Afolos fahimtarsa, kuma sau da yawa sunanta ake fara ambata kafin na mijin. Sura ta 21 ta ce Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci.

Tsohon Alkawari ma bai rasa irinsu ba. Debora annabiya ce kuma mai shari'a, wadda Isra'ilawa ke kai wa ƙara, har jarumi Barak ya ƙi fita yaƙi sai da ita. Da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali zamanin Sarki Yosiya, wurin annabiya Hulda sarki ya tura babban firist Hilkiya neman bayani. Dukkan Linjila huɗu kuma sun haɗu a kan cewa mata ne suka fara iske kabarin Almasihu ba kowa, aka kuma aike su da labarin, a zamanin da ba a ba shaidar mace nauyi.

To, ta yaya za a haɗa umarnin yin shiru da waɗannan mata? Wasiƙar Korantiyawa da kanta ta ba da haske. A sura ta 11 Bulus ya tsara yadda mace za ta rufe kanta sa'ad da take addu'a ko annabci a taro. Ba zai yiwu ya tsara mata yadda za ta yi magana ba, sa'an nan bayan sura uku ya hana ta buɗe baki kwata-kwata. A cikin sura ta 14 ɗin ma sau uku aka ba da umarnin yin shiru: ga mai magana da harsuna idan babu mai fassara, ga annabin da wani ya karɓe shi, sa'an nan ga matan da ke jefa tambayoyi ana tsakiyar sujada. Maganar tsari ce da natsuwa. Ko majami'un da suka fi tsanani a yau ba sa aiki da zahirin ayar, domin mata na rera waƙa, suna ba da shaida, suna karanta sanarwa.

Ayar Timoti ce ta fi wuyar warwarewa. Kalmar da aka fassara da "yin iko" a wurin, wato "autenten", sau ɗaya tak ta zo a duk Sabon Alkawari, kuma ba ita Bulus ya saba amfani da ita ga iko na halal ba. Shi ya sa wasu ke fassara ta da danniya ko ƙwace iko. Suna kuma lura da cewa Timoti a Afisa yake, birnin gunkiya Artimas, kuma wasiƙar ta buɗe ne da gargaɗi kan malaman ƙarya da suka shiga ikilisiyar. Ga masu wannan ra'ayi, maganin wata cuta ce ta wani gari Bulus ya rubuta. Masu hanawa kuma sai su mai da martani da ayar Adamu da Hawwa'u. Mai neman gaskiya dole ya yarda cewa a nan masana masu tsoron Allah sun rabu biyu, kuma babu ɓangaren da ya isa ya kira ɗayan maƙiyin nassi.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne mata sun riƙe muƙamai a ikilisiyar farko. Wajen shekara ta 112, gwamnan Rumawa Pliny ya rubuta wa Sarki Trajan cewa ya azabtar da wasu bayi mata biyu da Kiristoci ke kira masu hidima, don ya tatsi bayani a kan addinin. Babban taron bishop-bishop na Kalsidon a 451 ya kafa doka cewa kada a naɗa mace dikin sai ta kai shekara 40. Ba a sa wa abin da babu shi ƙa'ida.

Masu cewa naɗa mata baƙon abu ne daga Turawa su ma su sake duba tarihi. Mace ta farko da ta zama firist a Angilika 'yar Sin ce, Florence Li Tim-Oi, a 1944, lokacin da yaƙi ya hana firistoci maza isa wurin masu bi a Makawo. Ingila ba ta bi sahu ba sai 1994. Ƙasar Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini, ta samu bishop mace, Ellinah Wamukoya, a 2012, kafin Ingila ta naɗa Libby Lane a 2015. A nan gida, Margaret Idahosa ta daɗe tana jagorantar cocin Church of God Mission a Benin. Kuma Kiristocin yankin Takum ba za su manta da Johanna Veenstra ba, wadda ta yi wa'azi ta koyar da maza a Lupwe har rasuwarta a 1933. Abin mamaki ne a ce mace ta isa ta kafa ikilisiya a daji, amma jikanyar waɗanda ta koyar ba ta isa zama a majalisarta ba.

A nawa ganin, iyakar inda jayayyar nassi ta tsaya ita ce kujerar fasto mai kula da ikilisiya da ta bishop. Kowace ɗarika na da 'yancin ta auna ayoyin ta tsai da matsayinta a kan wannan, ba tare da zagin 'yar'uwarta ba. Abin da ya yi ƙasa da haka kuwa, hana mata shi ba shi da madogara. Babu ayar da ta hana mace zama dikin, ko ma'aji, ko sakatariya, ko malamar makarantar tauhidi, ko wakiliya a babban taron shekara. Cocin Katolika da ta rufe ƙofar firistanci ma, a 2021 Fafaroma Francis ya buɗe wa mata muƙamin karatu da hidimar bagadi a hukumance, a 2025 kuma ya ɗora Sista Simona Brambilla a kan ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun Batikan.

Rufe wa mata ƙofar majalisa yana da illa da ake gani. Matar da mijinta ke duka, da yarinyar da za a sa a horo saboda ciki, da gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata gado, duk gaban maza zalla ake kai shari'arsu. Akwai abin da mace ba za ta iya faɗa a irin wannan zama ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙauyukan da rikici ya ɗaiɗaita, inda maza suka mutu ko suka yi gudun hijira, sau da yawa mata ne suka ci gaba da tara jama'a addu'a ba tare da wani muƙami ba.

Saboda haka ina kira ga manyan majalisun ɗarikunmu da makarantun tauhidi na Bukuru da Kagoro da Gindiri da su sa wannan batu a faifai, su gayyaci matan da suka yi karatun tauhidi su zauna tare, a buɗe Timoti da Romawa a lokaci guda. A tantance abin da nassi ya hana da abin da al'ada ce kawai ta hana aka lulluɓe shi da aya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma matan da suka daɗe suna tallabe da jinkar coci sun cancanci a ji ta bakinsu kan inda za a ɗora ta.