Tsohuwar amfilifaya mai bawul: yadda ake gane shekarunta da ƙimarta kafin a sa ta a inshora

A bayan bolum ɗin wata tsohuwar amfilifaya ƙirar Amurka za ka iya tarar da lamba irin wannan an buga ta a jikin ƙarfe: 1376512. Wanda bai sani ba zai ɗauka lambar kaya ce kawai. Wanda ya sani zai karanta ta kashi uku. 137 lambar kamfanin CTS ce mai ƙera bolum ɗin, 65 na nufin shekarar 1965, 12 kuma mako na goma sha biyu ne na shekarar, wato wajen ƙarshen Maris. Da irin waɗannan lambobi ake raba gardama tsakanin mai kaya da kamfanin inshora ranar da gobara ko ɓarawo suka raba mutum da kayansa.

Amfilifaya ita ce na'urar da ke karɓar siririn sautin jita ta ƙara masa ƙarfi har ya iya motsa lasifika. Kafin taransisto ya mamaye kasuwa, bawul ne ke wannan aiki, 'yan kwalaben nan na gilashi masu zafi da ke jajir a cikin tsohuwar rediyo. Masu kaɗa jitar bes, mai kaurin murya, har gobe suna neman irin na da, domin a kunnensu sautin bawul ya fi taushi da cika. Shi ya sa wasu akwatunan da aka ƙera shekara sittin da suka wuce suka fi sababbi tsada.

Sunaye biyu suka fi yawo a bakin masu wannan harka. Kamfanin Fender na Kalifoniya ya fito da Bassman a 1952. Kamfanin Ampeg kuma ya fito da B-15 Portaflex a 1960, ƙirar Jess Oliver, wadda ake juya kanta ya shige cikin akwatin lasifika idan za a yi tafiya, sannan a 1969 ya fito da SVT mai ƙarfin wat 300, wadda kanta kaɗai ya kusa kilo 40, ita ce ƙungiyar Rolling Stones ta zagaya Amurka da ita a wannan shekara. Abin dariya game da Bassman shi ne, samfurinta mafi daraja, mai lasifika huɗu na ƙarshen shekarun 1950, masu jitar bes ba su ne suka ɗaga farashinsa ba. Masu jita ta yau da kullum ne suka gano tana musu daɗi suka yi mata caa, har Jim Marshall a Ingila ya kwaikwayi tsarinta a 1962 ya ƙera tasa ta farko.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogara da lambar siriyal. Kamfanonin wancan zamani ba su buga ta domin masu tara kayan tarihi ba, kuma sau da yawa ana buga lambar a jikin shasi, wato ƙarfen da ake ɗaura kayan ciki a kansa, tun kafin a haɗa shi, a jibge a sito, a riƙa ɗauka ba bisa jeri ba. Lambar siriyal tana da amfani wajen shaida cewa wannan ce taka ba ta wani ba, kuma dole ta shiga takardar inshora, amma ba ta isa ta faɗi shekara ita kaɗai ba.

Ana fara kallo ne daga waje. Bassman ta shekarun 1950 tana sanye da yadi mai ruwan ƙasa-ƙasa mai zane a karkace. Daga wajen 1964 zuwa 1967 fuskar da maɓallai suke baƙa ce, daga 1968 ta koma ruwan azurfa. A Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender, kuma a cikin shekarar rubutun da ke kan fuskar ya sauya daga Fender Electric Instrument Co. zuwa Fender Musical Instruments. A ɓangaren Ampeg, B-15 ta tsakiyar shekarun 1960 tana da rufi shuɗi mai ɗigo-ɗigo, daga baya aka koma baƙi. SVT ta farko-farko tana amfani da bawul 6146B, ba a jima ba aka koma 6550. Kamfanin kansa ya sha sauya hannu: Magnavox ya karɓe shi a 1971, a farkon shekarun 1980 an ƙera wasu SVT a Japan, St. Louis Music ya saye shi a 1986, yanzu yana hannun Yamaha tun 2018. Kowane zamani da farashinsa a kasuwa. Sai dai rufi da fuska abubuwa ne da ake iya sauyawa, kuma ana sauyawa, wani lokaci don gyara, wani lokaci don yaudara.

Don haka sai a leƙa ciki, kamar yadda mai sayen doki yake buɗe baki ya duba haƙora ba ya tsaya ga ƙyallin gashi. A cikin akwatin Fender akwai takarda da aka manna mai nuna jerin bawul. Daga farkon shekarun 1950 zuwa wajen 1967 ana buga mata hatimin haruffa biyu da tawada. Na farko shekara ne, an fara daga A a 1951, don haka J ita ce 1960, N 1964, O 1965. Na biyu wata ne, A Janairu har zuwa L Disamba. Wanda ya ga NK ya san Nuwamban 1964 ke nan. Amma ita ma takardar tana da nata wayo. Fender ba ya zubar da ragowar takardu idan ya sauya tsarin wayoyin ciki, sai ya ci gaba da manna tsofaffin har su ƙare. Shi ya sa ake samun Bassman da takardarta ke cewa AA864, tsarin da masu saye suka fi so, alhali abin da ke ciki AB165 ne da ya biyo baya. Mai gyara da ya san aikinsa ne kaɗai zai bambance su.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce irin lambar nan da aka fara da ita. Masana'antun lantarki na Amurka suna da lambobin da ƙungiyarsu ta raba musu, kowa yana buga tasa tare da shekara da mako a jikin abin da ya ƙera. 137 CTS, 304 Stackpole, duk a kan bolum. A kan lasifika 220 Jensen ce, 465 Oxford. A kan taransifomar Fender an fi ganin 606, wato Schumacher. Wasu suna rubuta shekara da lamba biyu, wasu da ɗaya tak, saboda haka 220512 na iya zama 1955 ko 1965, sai a haɗa da kamannin waje a yanke hukunci. Ƙa'idar karatun ita ce: amfilifaya ba za ta girmi ƙaramin ɗanta na asali ba. Idan taransifoma ta ce mako na 40 na 1964, bolum ya ce mako na 12 na 1965, lasifika ta ce mako na 20 na 1965, to an haɗa ta ne bayan tsakiyar Mayun 1965. Tazarar 'yan watanni tsakanin sassa ba abin damuwa ba ce, haka kaya ke zama a sito. Tazarar shekara takwas kuwa tana nufin wani ya taɓa sa hannu. Za a kuma gan shi a dalma, don wadda aka narka a masana'anta ta dusashe, ta bayan nan tana sheƙi.

Gargaɗi guda a nan, kuma ba wasa ba ne. Manyan kafasitocin da ke cikin waɗannan na'urori suna riƙe wuta da ta kai bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare waya daga bango. Lambar lasifika da takardar ciki kana iya karanta su da tocila. Zare shasi aikin mai gyara ne.

Sanin shekara rabin aiki ne. Abin da ke motsa farashi ya fi shekara yawa, kuma gaba da komai shi ne yawan abin da ya rage na asali. Bawul kayan ƙarewa ne, babu mai rage kuɗi don an sauya su. Kafasitocin tace wuta suna bushewa, sauya su gyara ne na hankali, haka ma sauya tsohuwar wayar wuta mai baki biyu da mai baki uku. Abin da ke karya farashi shi ne sauya taransifomar fitar da sauti, ko lasifika, ko sabon rufi, ko huda shasi don ƙara wani abu. A ganina duk mai irin wannan kaya ya kamata ya ce wa mai gyara ya zuba masa duk abin da ya cire a leda, ko da mataccen kafasita ne, domin masu saye suna tambaya. Sannan a kula da kwaikwayo na halal: Fender da kansa ya sake fito da Bassman irin ta 1959 a 1990. Waɗannan ma yanzu sun tsufa, yadinsu ya yi duhu, kuma daga nesa suna ruɗar ido, amma farashinsu bai kama ƙafar ta asali ba.

Wajen ƙiyasi, a bambance kuɗin da mai kaya ya yanka da kuɗin da aka saya. Kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a talla, kayan su shekara babu mai tayawa. Abin da ake nema shi ne cinikin da aka riga aka kammala, na samfuri iri ɗaya, shekara kusa, yanayi kusa. Kasuwar Reverb ta intanet tana nuna farashin da aka sayar, mujallar Vintage Guitar kuma tana buga littafin farashi duk shekara. Idan kayan masu tsada ne, a nemi takardar ƙiyasi daga dillali ko masani, mai ɗauke da kwanan wata, lambar siriyal, lambobin sassa, gyare-gyaren da aka yi da sa hannunsa. Gara wanda ba shi da niyyar sayen kayan, don mai son saye ba zai ɗaga maka farashi ba.

A nan ne inshora take shigowa da nata harshe. Wata yarjejeniyar tana biyan darajar kaya bayan an cire tsufa. Ga firji ko talabijin wannan daidai ne, amma ga amfilifayar 1965 bala'i ne, domin lissafin zai ɗauke ta tsohon tarkace da ya gama cin kuɗinsa. Wata tana biyan kuɗin sabo makamancinsa, sai a ba ka farashin sabuwar amfilifaya ta kanti, wadda ba ita ka rasa ba. Wadda ta dace ita ce wadda ku biyu kuka amince da adadi tun farko, aka rubuta kayan da sunansa da lambarsa a cikin takardar. Kamfani ba zai yarda da wannan ba sai ya ga shaida, kuma shaida ana tara ta ne tun kayan suna nan: hotunan gaba da baya da ciki, hoton kowace lamba, rasit, takardun gyara. A ajiye kwafinsu a wani wuri daban, ko a imel, don gobarar da za ta ci amfilifaya za ta ci takardun da ke ɗaki ɗaya da ita.

A kuma faɗi gaskiya a fam. Inshorar kayan gida galibi ba ta rufe kayan da ake neman kuɗi da su, saboda haka wanda ke ɗaukar amfilifayarsa zuwa wasa ko yake hayar ta a situdiyo ya bayyana hakan, ya kuma tambaya ko an rufe ta a cikin mota da kan hanya. Ɓoye sauyin taransifoma ko ƙara wa kaya shekaru na iya sa a hana diyya baki ɗaya. Rage ƙima don a biya kuɗin shekara kaɗan shi ma yana da sakamako, domin kamfanoni da yawa suna rage diyya daidai gwargwadon abin da aka rage.

Wanda irin wannan kaya ya shigo hannunsa a Najeriya ko Nijar, ta hanyar kayan gwanjo ko tsarabar ɗan'uwa daga waje, yana da ƙarin abu biyu. Na Amurka an yi su ne don wuta mai bolt 120, tamu kuwa wajen 230 ce, sai dai idan samfurin da aka yi don fitarwa waje ne mai maɓallin zaɓen wuta. Jona ta kai tsaye ƙona ta ne. Mafita ita ce taransifomar rage wuta ta waje, ba a bar mai gyara ya cire ta asali ya sa wata ba, don ranar da aka yi hakan kuɗin kayan ya faɗi. A kuma tambayi kamfanin inshora, ko na takaful ga mai son tsarin Musulunci, ko yana biyan ɓarnar da hauhawar wuta ta jawo, domin ba kowace yarjejeniya ce ke rufe ta ba. Na biyu, kasuwar waɗannan kaya da dala take magana, takardar inshora a Najeriya kuma da naira. Wanda ya rubuta adadi kafin a saki farashin canji a Yunin 2023 bai sake dubawa ba, abin da za a ba shi yau ba zai sayo masa irinta ba. A riƙa sabunta adadin duk lokacin da za a sabunta yarjejeniyar, tare da sababbin hotuna da farashin cinikin baya-bayan nan.