Sekula: Kalma Ɗaya, Fassara Barkatai

Da wuya batun addini da gwamnati ya taso a Najeriya ba ka ji wani ya ce ai ƙasar nan sekula ce ba, wani kuma ya yi tsalle ya dire ya ce sam, ƙasa ce dai mai addinai da yawa. Abin mamaki, kalmar da ake tada jijiyoyin wuya a kanta ba ta cikin kundin tsarin mulkin 1999. Abin da sashe na 10 ya tanada kawai shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini ta mai da shi addinin hukuma ba. Wannan kundin kuma shi ne ya ba jihar da ke so damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ya kuma wajabta a samu aƙalla alƙalai 3 masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Gardamar ta tsufa. A 1978 wakilai Musulmi sun fice daga zauren majalisar tsara kundin mulki a kan batun kotun Shari'a ta tarayya. A 1986 ƙura ta sake tashi da aka ji gwamnatin Babangida ta shigar da ƙasar ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, haka ma a 2000 da Zamfara ta fara aiwatar da Shari'a.

Abin da na lura da shi shi ne, sau da yawa masu ja-in-jar ba abu ɗaya suke nufi ba. Kalmar tana ɗauke da ma'anoni uku da suka taru mata a zamuna daban-daban, kuma kowane harshe da ya zo fassara ta sai ya kama guda ya saki sauran. Wanda ya zaɓi fassara kuwa ya riga ya yanke rabin hukunci tun kafin a zauna.

Tushenta Latin ne, harshen Rumawan dā. Suna da kalmar saeculum, wadda ke nufin tsawon rayuwar al'umma guda, wato ƙarni ko zamani. Da Kiristanci ya kafu a Turai, sai malaman coci suka riƙa amfani da ita suna nufin wannan zamani mai wucewa, kishiyar dawwama a wurin Ubangiji. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin kullum yana cewa duniya da lahira, yana kuma raba ilimin addini da ilimin zamani. A wannan ma'ana ta farko babu ƙiyayya da addini ko kaɗan. Hasali ma har gobe Cocin Katolika na kiran wasu limamanta da wannan suna: waɗanda ke zaune cikin gari suna hidimar jama'a su ne limaman sekula, saɓanin waɗanda suka shiga ƙungiyoyin ibada masu ƙa'idodi na musamman. To ka ga mutum ga shi limami, ga shi sekula, ba wanda ya ga abin dariya.

Ma'ana ta biyu yaƙi ne ya haife ta. Bayan Kiristocin Turai sun rabu gida biyu, Katolika da Furotesta, sun yi ta zubar da jinin juna, mafi muni shi ne yaƙin shekara 30 da aka gwabza galibi a ƙasar Jamus daga 1618 zuwa 1648. A sulhun Westfaliya da ya kawo ƙarshensa, an karɓe filaye da dukiyoyi masu yawa daga hannun coci aka miƙa wa sarakuna. Wannan miƙawa ita aka kira mayar da abu sekula. Daga nan kalmar ta shiga siyasa, ta koma tambayar wa ke da iko da me, fada ko coci.

Ta uku kuwa an san wanda ya raɗa ta. Wani Baturen Ingila ne, George Jacob Holyoake, wanda aka taɓa ɗaurewa wata 6 a 1842 bisa laifin saɓo. A 1851 ya ƙirƙiri sunan aƙidar sekulanci, yana nufin mutum ya tsara ɗabi'unsa da rayuwarsa bisa abin da zai amfane shi a duniya, ba tare da dogaro da wahayi ba. Shi ya dage cewa wannan ba musun samuwar Allah ba ne, amma Charles Bradlaugh, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan sekula ta ƙasar a 1866, bai ɓoye cewa bai yarda da Allah ba. Wannan ma'anar ce ta shafa wa sauran biyun kashin kaji a idon masu addini.

Faransawa ma ba su yi amfani da wannan kalma ba a dokokinsu. Tasu ita ce laïcité, daga kalmar Girkanci mai nufin gama-garin jama'a, waɗanda ba malaman coci ba. Ta fito ne daga doguwar kokawa tsakanin 'yan jamhuriya da Cocin Katolika, musamman a kan wa zai tarbiyyantar da yara. A 1882 aka cire darasin addini daga makarantun firamare na gwamnati, a ranar 9 ga Disamba 1905 kuma aka yi dokar raba coci da hukuma. Wannan tarihi ne ya sa tsarin Faransa yake da zafi, kullum a tsaye yake yana gadin makaranta da ofis kada addini ya leƙo, har ta kai a 2004 an hana ɗalibai sanya alamomin addini na fili a makarantun gwamnati, dokar da kowa ya san 'yan mata masu hijabi ta fi shafa. Sai dai ko a can ɗin ba a rabu tsaf ba. Yankin Alsas da Mozel yana hannun Jamus lokacin da aka yi dokar 1905, saboda haka ba ta hau kansa ba, kuma har yau gwamnatin Faransa ce ke biyan albashin limaman coci da malaman Yahudawa a can. Amurka kuwa ta bi ta wata hanya: gyaran farko na kundinta a 1791 ya ɗaure hannun gwamnati ne don kada ta taɓa addinin mutane. Ingila ba ta ma raba ba, sarki ne shugaban cocin ƙasa, bishop-bishop 26 na da kujeru a majalisar dattawa, alhali jama'arta na cikin waɗanda suka fi ƙaurace wa wuraren ibada.

Turkiyya ta aro kalmar Faransawa ta mai da ita laiklik, amma abin da ta aikata da ita ya kusa zama akasin rabuwa. A ranar 3 ga Maris 1924 shugaban ƙasar, Mustafa Kamal, ya rushe halifanci, a ranar ce kuma aka kafa hukumar Diyanet mai kula da harkokin addini. A 1928 aka goge Musulunci a matsayin addinin ƙasa, a 1937 aka rubuta laiklik cikin kundin mulki. Duk da haka hukuma ce ke naɗa limamai, ita ke biyan su, ita ke tsara huɗubar Juma'a. Daga 1932 zuwa 1950 da harshen Turkanci ake kiran salla, bisa dole. A 1999 an hana 'yar majalisa Merve Kavakçı yin rantsuwar kama aiki saboda ta shigo da ɗankwali. Wannan ba sakin addini ba ne, riƙe shi ne a tafin hannu. Musulmin da ya fara sanin kalmar ta labarin Turkiyya, ba za a ga laifinsa ba idan ya ji ta ya ɗaure fuska.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu shi ne Larabci, domin ta nan kalmar ta fi shigowa kunnen malamanmu. Larabawa na rubuta ta da baƙaƙe ba wasali, sai ta karantu iri biyu. In ka sa wa ainun wasalin sama, ka ce almaniyya, ta fito daga alam, wato duniya. Wannan ya dace da asalin Latin, kuma Kiristocin Larabawa sun daɗe suna kiran wanda ba limamin coci ba da almani. In kuwa ka sa wasalin ƙasa, ka ce ilmaniyya, sai ta zama kamar daga ilimi take. Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da wasali ɗaya ke iya yi wa ma'ana. Masu goyon bayan tsarin sun fi son karatu na biyu, domin yana nuna su ne ma'abota ilimi da kimiyya, abokan hamayyarsu kuma su ne 'yan duhun kai. Masu adawa suka ce wannan yaudara ce, sunan da ya dace shi ne ladiniyya, rashin addini. Dukkansu sun yi son kai. Na farko ya ari martabar ilimi ya yafa wa kalmar da ba ta da alaƙa da shi, na biyu ya ɗauki ma'anar Bradlaugh ya lulluɓe sauran da ita. Sunan ya ɓaci a Masar har ta kai bayan juyin 2011 'yan siyasa da dama suka guje shi, suka koma cewa daula madaniyya suke so, wato ƙasar farar hula wadda ba ta malamai ba, ba ta sojoji ba. A Urdu ma ladiniyat ɗin ce ta yaɗu, shi ya sa ɗan siyasar Pakistan ke gudun a laƙaba masa ita.

Indiya ta yi nata tunanin a kan fassara da kyau. Sai a 1976, zamanin Indira Gandhi, aka ƙara kalmar cikin gabatarwar kundin mulki. A harshen Hindi jama'a sun saba cewa dharmanirapeksha, wato mai nisantar dharma. Amma dharma ta fi addini faɗi, ta haɗa da gaskiya da haƙƙi da aikin da ya rataya a wuyan mutum, kuma babu gwamnatin da za ta so a ce ta nisanci waɗannan. Don haka fassarar hukuma ta zaɓi panthanirapeksha, wadda ba ta bin wata ɗariƙa ko ƙungiyar addini. A aikace kuma gwamnatin Indiya tsundum take cikin harkar addinai: Musulmi na da dokokinsu na aure da gado, wasu jihohi na gudanar da manyan wuraren bautar Hindu, an kuma yi shekaru ana tallafa wa mahajjata kafin a soke tallafin a 2018.

Mu a Hausa, abin da aka fi ji a rediyo shi ne ƙasar da ba ruwanta da addini. Fassarar ta yi ƙoƙari, amma tana da baki biyu. In Bahaushe ya ce ba ruwana da maganarku, yana iya nufin ba zan tsoma baki ba, ku yi abinku, wanda ke nuna adalci da kamun kai. In kuwa aka ce wane ba ruwansa da salla, to an zage shi ne. Mai karanta labarai na nufin ta farko, mai sauraro a majalisa yana jin ta biyu, sai ya ɗauka ana gaya masa ƙasarsa ta yi watsi da Allah. A ganina gara a tsawaita magana a faɗi abin da ake nufi. In tsarin mulki ake magana a kai, a ce gwamnatin da ba ta fifita wani addini. In mutum ne irin Bradlaugh, a ce wanda bai yarda da addini ba. In kuwa makaranta ce ko kotu, kalmomin zamani da boko da hukuma sun wadatar. Sannan in aka ce wata ƙasa sekula ce, tambayar da za ta fitar da gaskiya ita ce wa ke naɗa liman, wa ke biyansa, wace kotu ke raba gado, me kuma aka yarda yarinya ta sa in za ta aji.

Maƙwabtanmu masu amfani da Faransanci sun gaji kalmar daga Turawan mulkin mallaka, kuma kowa ya san yadda ya yi da ita. Senegal ta bar ta cikin kundinta, amma babu shugaban da ya taɓa mulki ba tare da ya kai gaisuwa Tuba da Tiwawan, cibiyoyin Muridiyya da Tijjaniyya, ba. Leopold Sedar Senghor, Kirista ɗan Katolika, ya shugabanci ƙasar da galibinta Musulmi ne daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan halifofin Muridiyya da Tijjaniyya. Nijar kuwa da aka yi babban taron ƙasa a Yamai a 1991, ƙungiyoyin Musulunci sun nuna ba sa son kalmar, saboda a kunnen jama'a tana nufin ƙin addini. Sai masu rubuta kundin 1992 suka kauce mata, suka bayyana cewa hukuma ba ta bin wani addini. Kundin 2010, wanda aka dakatar a 2023, ya ambaci raba hukuma da addini a cikin ginshiƙan jamhuriya, shi ne kuma ya tanadi shugaban ƙasa ya yi rantsuwar kama aiki a kan littafi mai tsarki na addinin da yake bi.