Dalilin da ya sa hoton faɗin Kogin Neja ke fitowa da kala biyu

Da yamma, idan rana ta karkata ta wajen Harobanda, ba a rasa masu ɗaukar hoto a bakin Kogin Neja a birnin Yamai. Burin da yawa daga cikinsu shi ne su haɗa kogin, kwale-kwale da Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, cikin dogon hoto guda da ake kira panorama.

Yadda ake yi shi ne a ɗauki hotuna biyar ko shida a jere ana juya kyamara, sannan a ɗinke su a kwamfuta da manhaja irin su Hugin ko Lightroom. A nan ne asiri ke tonuwa: sararin sama ya fito gefe ɗaya fari fat, ɗaya gefen da duhu, ga layi tsaye a duk inda hotuna biyu suka haɗu. Rana kuwa ta riga ta faɗi, wanda ya ba da aikin yana jira.

Galibi kyamarar lafiyarta lau. Idan tana kan otomatik, takan auna haske sabo a kowane ɗauka. Da ta fuskanci rana sai ta rage, da ta juya wajen itatuwan gaɓa sai ta ƙara.

Maganin da kamfanoni suka tanada shi ne maɓallin kulle haske. A Nikon an rubuta masa AE-L/AF-L, a Canon kuma alamar tauraro ce. Sai dai kullen na kwancewa ba tare da mai ɗauka ya lura ba. A yawancin Nikon, da ka ɗage yatsa ya saki, sai idan ka shiga saiti ka zaɓi ya riƙe har ka sake dannawa. A Canon kuma yana iya ɓacewa idan ma'aunin haske ya mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, wato daidai lokacin da kake gyara tsayuwa.

Shi ya sa komawa kan M ya fi kwanciyar hankali. Ka auna ɓangaren da ke da haske amma ba ƙwayar ranar ba, ka tsayar da buɗewar lens a f/8 misali, ka zaɓi saurin ɗauka, kada ka sake taɓawa. Akwai tarko a nan ma: idan ISO na kan otomatik, kyamara za ta ci gaba da sauya haske duk da kana kan M. Haka ma'aunin farin launi, musamman a lokacin hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, inda hoto ɗaya kan fito ja-ja, na kusa da shi toka-toka.

Gilashin polarizer ma a cire shi, domin yana duhunta wani sashen sama fiye da wani. Kowane hoto kuma ya hau kan na baya da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Mai iPhone na iya danna allo ya riƙe har alamar kulle ta bayyana. Gada da gine-ginen gwamnati kuwa wurare ne da jami'an tsaro ke sa wa ido, don haka a nemi izininsu kafin a kafa kyamara.